Masana Tattalin Arziki da Ƙauyukan Hausa: Darasi ga Fadamar Kabi

Gabatarwa

Ilmin tattalin arziki fanni ne da ke nazarin yadda jama'a ke samar da abin masarufi, da yadda suke musayarsa, da kuma dalilan da kan sa wani ya wadata wani ya rasa. Galibin ɗaliban Hausa kan ɗauki wannan fanni tamkar gonar wasu, wadda ke cike da alƙaluma da zane-zane, ba ta kuwa haɗa iyaka da tamu ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kunya ɗaya ce tak ta raba gonakin nan biyu. Za a bi tarihin aikin wasu masana uku waɗanda suka yi suna a duniya ta hanyar binciken ƙauyukan Hausa, a duba abin da ya ja hankalin kowannensu da abin da ya gano. Daga nan sai a juyo ga fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, a auna manyan shirye-shiryen da aka kawo mata da ma'aunin binciken nasu. Abin da za a tarar shi ne, duk masanin da ya fahimci tattalin arzikin Bahaushe, sai da ya zauna da shi, ya kuma koyi kalmomin da yake kiran dukiyarsa da bashinsa da su.

Tafarkin Masanin Tattalin Arziki

A jami'o'inmu, mai son zama masanin wannan fanni yakan fara da digiri na farko, ya yi na biyu, sa'an nan ya yi na uku, inda ake bukatar ya gudanar da bincike na ƙashin kansa. In ya kama aikin koyarwa, yakan hau matakai daga ƙaramin malami zuwa babban malami har ya kai matsayin farfesa, kuma abin da ake dubawa wajen ƙarin girma shi ne yawan binciken da ya wallafa da ingancinsa. A Nijeriya an kafa ƙungiyar masana tattalin arziki tun 1957, kuma Ibadan ce cibiyar wannan ilmi ta farko.

Daga nan hanya takan rabu biyu. Akwai masanan da ke duban ƙasa baki ɗayanta, watau kasafin kuɗi, da darajar naira, da cinikin waje. Irin waɗannan su ne gwamnati ke kira idan za a tsara shirin raya ƙasa, kamar Pius Okigbo da Ojetunji Aboyade, waɗanda suka yi tashe bayan samun mulkin kai. Akwai kuma masu duban gida ɗaya, ko gona ɗaya, ko kasuwar ƙauye ɗaya. Rukunin farko ya fi kusa da masu mulki, amma ba ya iya aiki sai da abin da rukuni na biyu ya tattaro. Wolfgang Stolper, malami daga Jami'ar Michigan ta Amurka wanda ya jagoranci tsara shirin raya ƙasa na farko na 1962 zuwa 1968, ya ɗanɗana wannan matsala. Da ya rubuta littafi a kan aikin a 1966, sai ya raɗa masa suna Planning Without Facts, watau tsara shiri ba tare da sanin haƙiƙanin al'amura ba. Masanan da za a tattauna a kansu a nan 'yan rukuni na biyu ne, waɗanda suka shiga karkara neman wannan haƙiƙa.

Polly Hill a Ɓatagarawa da Ɗorayi

An haifi Polly Hill a Ingila a 1914 a gidan ilmi. Mahaifinta, A. V. Hill, ya sami lambar Nobel a fannin nazarin aikin jikin ɗan Adam, kawunta kuwa shi ne John Maynard Keynes, wanda ake lissafawa cikin manyan masana tattalin arziki na ƙarni na 20. Ta karanta tattalin arziki a Jami'ar Kambirij, ta yi aikin gwamnati lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta yi aikin jarida, kafin ta koma jami'ar ƙasar Gana a 1954. A can ta yi shekaru tana bin manoman koko, kuma a littafinta na 1963 ta nuna cewa waɗannan manoma 'yan jari-hujja ne na sosai, masu haɗa kuɗi su sayi daji su raba, saɓanin yadda Turawa ke kallonsu.

A 1967 ta zo Ɓatagarawa, kusa da birnin Katsina, ta zauna watanni. Abin da ta samo ya fito a littafinta Rural Hausa na 1972. A wancan zamani ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne cewa manoman karkarar Afirka duk ɗaya suke cikin talauci, tun da ƙasar noma tana da yawa kuma kowa fartanya yake riƙe da ita. Hill ta kasa magidantan garin kashi huɗu bisa ƙarfin ciyar da iyalinsu, ta nuna akwai tazara mai faɗi tsakaninsu. Mai ƙarfi yana da taki, yana da 'ya'ya a gandu, yana ɗaukar 'yan ƙwadago, yana kuma iya ajiye hatsi a rumbu har ya yi tsada. Marar ƙarfi kuwa yakan sayar da hatsinsa da kaka lokacin araha don ya biya bukata, rumbunsa ya ƙare kafin damina ta tsaya, ya koma ƙwadago a gonar wani daidai lokacin da tasa ke bukatar noma. Idan ta matsa sai ya ci falle, watau ya karɓi kuɗi ko hatsi da alkawarin biya da amfanin gona in kaka ta yi, ko ya ba da gonarsa jingina. Ta haka mutum yakan talauce har noman ma ya gagare shi, alhali ga ƙasa a gabansa.

Wani abin da ta gano shi ne cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu ta hannun yara, wanda ta kira ɓoyayyen ciniki a wata maƙala ta 1969. Mai ƙidayar da ya tsaya a kasuwa kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ciniki ba. Abin lura ga ɗalibin Hausa shi ne, wani babban kaso na littafin nata na 1972 sharhi ne na kalmomi bisa tsarin abacada, inda ta yi bayanin irin su gandu, da gayauna, da ƙwarami, da fatauci, da biki. Ta fahimci cewa in aka juya gandu zuwa Turanci da kalma guda, to an zubar da rabin ma'anarsa, domin gandu yarjejeniya ce tsakanin uba da 'ya'yansa masu aure, mai ɗauke da hakki a kan kowane ɓangare. Daga baya ta yi irin wannan aiki a Ɗorayi ta Kano, ta kwatanta ƙasar Hausa da yankin Karnataka na Indiya, kuma a 1986 ta fitar da littafin da ta gurfanar da fannin tattalin arzikin raya ƙasa gaba ɗaya bisa laifin dogaro da alƙaluma marasa tushe. Ta rasu a 2005.

David Norman da Binciken Samaru

Masani na biyu shi ne David Norman, wanda ya yi digirinsa na uku a fannin tattalin arzikin noma a Amurka, ya kuma zo Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, a 1965. Ya shugabanci sashen binciken tattalin arzikin karkara na cibiyar har zuwa 1976. Tambayar da ta dame shi ita ce: me ya sa manoma ke ƙin shawarwarin da malaman gona ke kai musu, alhali an gwada su a gonar gwaji an ga amfaninsu? Amsar da aka saba bayarwa ita ce jahilci da riƙon gargajiya.

Norman da abokan aikinsa suka zaɓi ƙauyuka uku a ƙasar Zazzau, watau Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, suka ajiye ma'aikata masu ziyartar gidajen manoma a kai a kai tsawon shekara, suna rubuta kowane aiki da sa'o'in da ya ci. Daga baya aka maimaita irin wannan bincike a kewayen Sakkwato da kuma ƙasar Bauci. Tun wajen fayyace abin da za a kira iyali suka ga tilas su bi Bahaushe, suka ɗauki masu ci daga tukunya ɗaya a matsayin ma'auni, domin gida guda yakan ƙunshi tukwane da yawa.

Sakamakon ya wanke manomi. An gano cewa abin da ya fi ƙaranci ga manomin Arewa shi ne hannun aiki a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman farko da maimai. Malaman gona suna cewa a shuka auduga da wuri, manomi kuwa yana jinkirta ta sai ya gama da gero da dawa, saboda ba mai barin abin da zai ci ya tafi ga abin da zai sayar. Haka nan haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda ake yi wa kallon rashin tsari, ya tabbata yana ba da riba mafi yawa a kan kowace sa'ar aiki a lokacin matsi, yana kuma rage kasadar tashi a tutar babu idan ruwa ya yi gardama. Norman ya wallafa wannan hujja a 1974. Abokiyar aikinsa Emmy Simmons kuwa ta bi sana'o'in mata na sarrafa abinci a waɗannan ƙauyuka. Aikin Samaru na cikin tushen wata hanyar bincike da ta bazu a duniya, wadda ke cewa a fara da fahimtar tsarin noman manomi dungurungum kafin a kai masa sabon iri ko taki. Norman ya koma Jami'ar Jihar Kansas da koyarwa, amma ƙauyukan Zazzau ne suka yi masa suna.

Christopher Udry da Sha'anin Bashi

Na uku shi ne Christopher Udry, Ba'amurke wanda ya fara sanin Afirka ta hanyar koyarwa a makarantar sakandare a Gana. Domin digirinsa na uku a Jami'ar Yale, ya zauna a Zariya daga 1988 zuwa 1989, yana bin gidaje kusan 200 a ƙauyuka huɗu, yana rubuta duk bashin da aka ci da wanda aka bayar. Ya tarar da cewa kusan dukkan basussukan tsakanin 'yan gari ɗaya ne ko dangi, ba takarda, ba shaidu, ba jingina, kuma ba a cika yanka ranar biya ko adadin abin da za a ɗora ba.

Da ya auna abin da aka biya daga ƙarshe sai wani tsari ya bayyana. Idan masifa ta sami wanda ya ci bashi, kamar rashin lafiya ko ɓarnar ruwa a gonarsa, yakan biya ƙasa da yadda aka saba, ko a ƙara masa lokaci. Idan kuwa mai bin bashin ne ya shiga matsala, wanda ake bi yakan biya da wuri, har ya ƙara da wani abu. Ashe bashin ƙauye inshora ce a ɓoye, wadda ke tafiya saboda kowa ya san halin da kowa ke ciki, kuma mai taurin bashi da gangan zai gamu da kunya a gaban dattawa da mai gari. Wannan bincike, da ya fito a manyan mujallun fannin a 1990 da 1994, ya zama abin karantarwa a jami'o'in duniya, shi kuwa Udry ya zama farfesa a Yale da Northwestern. Sai dai tsarin yana da iyaka. Yana iya ɗaukar nauyin masifar da ta sami mutum ɗaya, amma idan ta game gari duka, mai bayarwa da mai karɓa sun zama ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za a dawo gare shi.

Fadamar Kabi da Sha'anin Ruwa

Duk binciken da aka ambata an yi shi ne galibi a ƙasar tudu, inda gero da dawa ke mulki. Ƙasar Kabi kuwa tana da nata fasali. Gulbin Rima yakan haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ruwan ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi a cikin fadama mai faɗi, kafin ya faɗa Kwara. Rayuwar Kabawa ta ɗoru ne a kan cikar gulbin nan da janyewarsa: shinkafa da damina, su da noman rani bayan ruwa ya ja, ga kuma makiyaya masu sauko da shanu cin ciyawar fadama. Ta fuskar ciniki ma yankin tsohuwar mahaɗa ce, kuma ɗan wannan jiha, Farfesa Mahdi Adamu na Ngaski, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato a shekarun 1980, ya nuna a littafinsa na 1978 irin nisan da fataken Hausa suka kai a Afirka ta Yamma.

Manyan ayyukan da aka kawo wa kwarin nan sun fi karkata ga sarrafa ruwa. An kammala madatsar Bakalori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kuma rikicin diyya da ya biyo baya ya kai ga kashe manoma a 1980. Ta Goronyo a kan Rima ta biyo baya a shekarun 1980. Wani masanin labarin ƙasa, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke gangaren Bakalori, ya nuna a 1985 cewa raguwar ambaliya ta sa manoma da dama sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani ya ja baya, kamun kifi ya ragu. Lokacin da aka lissafa ribar madatsar ba a sa wannan hasara a ma'auni ba, saboda abin da talaka ke ci ko ya sayar a ƙaramar kasuwa ba ya shiga littafin gwamnati. Daga baya Adams ya haɗu da masanin tattalin arziki Edward Barbier, suka yi wa fadamar Haɗeja da Nguru ƙima a farkon shekarun 1990. Suka haɗa amfanin noma da su da itacen wuta, suka tarar cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama yana ba da amfani fiye da irinsa da aka tare don aikin ban-ruwa na Kogin Kano.

Wannan lissafi ya shafi ƙasar Kabi kai tsaye. Tun 1969 ake maganar aikin Zauro, wanda aka tsara zai killace fadama mai faɗin kadada fiye da dubu 10 tsakanin Argungu da Birnin Kebbi domin noman ban-ruwa. An fara ɗan gwaji a 1982, amma babban aikin ya yi ta jan ƙafa, manoma kuma sun nuna fargabar rasa gonakinsu. Tambayar da Hill za ta fara yi a nan ita ce: gonar wa? Domin a fadama akwai gonar gado, da ta saye, da ta aro, da ta jingina, da ta haya, kuma wanda ke noma wuri ba lalle ne shi ke da shi ba. Duk rabon fili ko diyyar da bai bambance waɗannan ba, zai ba mai ƙarfi ya hana marar ƙarfi.

Rancen Shinkafa

A ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi. Gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Atiku Bagudu, shi kansa tattalin arziki ya karanta a Jami'ar Sakkwato, kuma a 2023 aka naɗa shi ministan kasafi da tsare-tsaren tattalin arziki. Tsarin shirin shi ne a ba ƙaramin manomi iri da taki da magani da ɗan kuɗi a matsayin rance, in ya girbe ya kai shanshera ga kamfanin da aka haɗa shi da shi, a cire bashin. Noman shinkafa ya bunƙasa a jihar. A ƙarshen 2016 aka fara sayar da shinkafar haɗin guiwar Legas da Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi.

Sai dai biyan bashin ya zama abin taƙaddama. A 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kaɗai aka biya a faɗin ƙasa, Babban Bankin kuwa ya ce abin ya kai kimanin kashi 52. Ko wanne aka ɗauka, kuɗi masu ɗimbin yawa sun maƙale, kuma sabon shugabancin bankin da ya zo a ƙarshen 2023 ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye. A nan ne binciken Udry ke da abin cewa. Bashin ƙauye yana dawowa ne saboda mai bayarwa ya san gonar, ya san ko ruwa ya ci ta ko bai ci ba, kuma gobe ma za a haɗu a masallaci da kasuwa. Banki ba shi da wannan sani, don haka ba ya iya bambance wanda ya kasa da wanda ya ƙi. Daɗin daɗawa, masifar fadama irin mai game gari ce. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi ana dab da girbi, kuma a irin wannan shekara ba maƙwabcin da zai ɗauki nauyin maƙwabci. Rancen da aka tsara wa manomin fadama dole ya tanadi abin da za a yi a shekarar da gulbi ya wuce iyaka.

Akwai kuma batun lafazi. Bahaushe ya bambance aro, inda ake mayar da ainihin abin da aka karɓa, da rance, inda ake mayar da kwatankwacinsa, da bashi, wanda ya haɗa har da sayen kaya a biya daga baya. Can gefe kuma ga tallafi da agaji da gudummawa, waɗanda ba a biya. A bakin jama'a da kafofin watsa labarai, kalmar tallafi takan hau kan kusan duk abin da ya fito daga hannun gwamnati. Da wace kalma aka sanar da manomin Augie ko na Bunza abin da aka ba shi, kuma da wace kalma ya karɓa? Wannan tambaya ce ta tattalin arziki, amma sai masanin harshe ne zai iya tattaro amsarta.

Su da Dokar Ruwa

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, an fi kallonsa ta fuskar shagali. Amma a ƙarƙashinsa akwai tsari na tattalin arziki. Ana hana su a Matan Fada sai lokacin da aka ba da izini, kuma Sarkin Ruwa da sauran masu sarautun ruwa ke kula da wannan doka. Hanin yana ba kifi damar hayayyafa da girma. An daɗe ana koyarwa a ajin tattalin arziki cewa duk dukiyar da ta zama ta kowa da kowa ƙarewa za ta yi, sai dai gwamnati ta karɓe ta ko a mallaka wa mutum ɗaya. Elinor Ostrom ta sami lambar Nobel ta wannan fanni a 2009 saboda ta nuna cewa al'ummomi da dama sun iya kafa dokokinsu na kiyaye irin wannan dukiya. Wanda ya tattara ƙa'idojin su na Kabawa daga bakin masu homa da gora, ya rubuta wa ke da ikon buɗe ruwa da rufe shi da kuma hukuncin wanda ya saɓa, ya ba da gudummawa ga wannan muhawara ta duniya.

Gurbin Ɗalibin Hausa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa masanan nan uku baƙi ne, kuma kowannensu ya dogara da 'yan ƙasa masu yi masa tafinta da tambayoyi, waɗanda sunayensu ba su cika wuce shafin godiya ba. Yanzu kuwa yankin yana da nasa manyan makarantu: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, da jami'ar jiha ta Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, da kuma Kwalejin Waziri Umaru. Ba a rasa masu digiri ba. Abin da ake bukata shi ne haƙurin zama a ƙauye shekara guda, da kunnen da ke jin bambancin kalmomi.

Alal misali, takardar tambayoyi takan zo da kadada da kilo, manomi kuwa yana lissafi da dami da buhu da tiya da mudu, kuma girman kowannensu yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Idan aka tambayi magidanci yawan abin da ya noma, al'ada ba ta yarda ya bayyana cikin rumbunsa ga baƙo ba. Idan aka tambaye shi sana'ar matarsa yakan ce ba ta da ita, alhali ita ke turara shanshera ta shanya ta kai inji, kuma zuwan manyan injuna ya shafi kasuwarta. Karin harshen Kabi ma yana da kalmominsa na fadama da na ruwa waɗanda Bakano ba zai gane su nan take ba. Tattara waɗannan kalmomi da ma'anoninsu aiki ne da ya dace da kundin digiri na farko a sashenmu, kuma masanin tattalin arzikin da zai zo daga baya zai same shi a matsayin tsani.

Kammalawa

An ga yadda Polly Hill ta gano bambancin arziki a inda ake zaton kowa ɗaya ne, da yadda David Norman ya tabbatar da hikimar manomi wajen rabon lokacinsa, da yadda Christopher Udry ya fito da inshorar da ke cikin bashin ƙauye. An kuma ga cewa madatsun ruwa da rancen shinkafa sun yi tuntuɓe a daidai wuraren da irin wannan sani ya yi ƙaranci.  Fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi za ta ci gaba da jawo shirye-shirye, domin ƙasa na bukatar shinkafarta. Ya rage ga ɗaliban tattalin arziki da na Hausa na wannan yanki su haɗa hannu su rubuta yadda Bakabe ke noma da su da cin bashi da biyansa, tun kafin a zo da shiri na gaba.